Khala Rabi ta tafi, ta bar mu babu mai fassara

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Khala Rabi ta rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a tsakiyar wod ɗin asibitinmu da abin awon jini a hannu.

'Yarta Amal ce ta turo min saƙon murya. Da farko ban buɗe ba saboda ina bakin aiki, sai na ga wani ya sake shigowa a kansa. Na kara a kunne.

"Anti Dije, Ummi... Ummi khalas. Bayan fajr ta kwanta, ba ta tashi ba."

Saƙo na biyu kuka ne kawai.

Na shiga ɗakin magani na fito ban ɗauki komai ba. Na sake shiga. Sistar da ke kula da mu ta dube ni, ta karɓe abin da ke hannuna, ta ce in tafi za ta nemo mai riƙe min.

Yanzu ina gidan, a unguwar Ruwais ta Jidda. Gawar tana asibiti ana jiran takarda, maza sun bi sawu, babu wanda ya san ko za a samu yi mata sallah da la'asar ko sai magariba. Na zauna, na tashi, na leƙa taga. Na wanke kofunan da wata ta riga ta wanke. Shi ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutun, ko hannuna zai samu abin yi.

Da yawanku ba ku san ta ba. Khala muke ce mata, wato Inna da Larabci. Bahausar Sudan ce, a Mai Wurno aka haife ta, aure ya kawo ta Jidda tana da ƙuruciyarta. Sana'arta girkin biki. Duk wanda ya ci shinkafar suna ko ta walima a tsakanin Hausawan Ruwais da Ammariyya, da wuya bai ci daga tukunyarta ba.

Ni a kasuwa ta tsince ni. Ina sabuwar zuwa, iƙamata, wato takardar zama, ma ba ta fito ba, ina waya da mahaifiyata a gaban mai tumatir ina ce mata lafiya lau nake, alhali na gaji da burodi da kaza har ina jin ƙwalla. Ina kashe wayar aka kama mayafina ta baya.

"Ke 'yar wane gari ce?"

Na ce Gusau.

Ta ce, "Ƙarya kika yi wa uwarki, ba lafiya lau kike ba. Yalla, biyo ni."

Na bi ta. Ranar na ci tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa har na kasa tashi daga kan ledar.

A kicin ɗinta na fara jin abin da ya sa na kasa mantawa da ita.

Mata biyu ke taya ta aiki a lokacin. Ɗaya Subaida, 'yar Kerala ta ƙasar Indiya, mijinta na da baƙala, ɗan shagon kayan masarufi, a bakin layinsu. Yarensu Malayalam. Ɗayar Euis, daga wani ƙauye kusa da Bandung a Indunusiya. Yarenta Sunda. Muna ce mata Teh Euis, wato Yaya Euis. Ni kafin nan na ɗauka duk mutanen Indunusiya yare ɗaya gare su.

Su ukun da Larabcin kicin suke magana, irin wanda ake "inti jib, ana sawwi", wato "ke kawo, ni in yi". Amma da aiki ya yi zafi kowa sai ta koma bakin uwarta. Sai in ji Khala ta juya dama ta amsa wa Subaida da Malayalam, ta juya hagu ta yi wa Euis tsiya da Sunda, ta ɗago ta ce min, "Ke kuma tsayuwar me kike, miƙo ludayi."

Ba ta taɓa zama aji don su ba. Shekaru ne na yankan albasa kafaɗa da kafaɗa, da kunne mai kama abu, da rashin jin kunyar kuskure. Ita da kanta takan ce rabin abin da take faɗa karyayye ne.

Na taɓa tambayarta wanne ya fi wuya.

Ta ce, "Ya binti, wuyarsu ba iri ɗaya ba ce. Na Subaida jirgin ƙasa ne. Kalma ta kama kalma, tarago bayan tarago, da gudu, aikin da ake so ki yi kuma yana can ƙarshe. Sai jirgin ya gama wucewa za ki san ko cewa aka yi ki zo ko ki tafi."

Na ce na Euis fa?

"Wannan bene ne. Kalmominsa ba sa wahalar da baki. Amma kafin ki buɗe bakin sai kin duba a kan wace matattakala mutum yake tsaye, ke kuma kina wacce."

Ta lissafa min a kan cin abinci kaɗai. In ƙawarki ce kika ce ta ci, "dahar". In ke ce kike faɗin naki cin a gaban manya, "neda". In babba kike yi wa tayi, "tuang". Ta ce akwai wani ma can ƙasa, wanda ba a yi wa ɗan Adam da shi sai in faɗa ake.

Kowane yare kuma da sautin da ya gagare ni. Akwai ranar da aka yi ruwa, irin ruwan Jidda da sai an manta da shi yake zuwa, Subaida ta yar da wuƙa ta ruga taga tana kiran "mazha, mazha". Haka suke rubuta shi da boko, amma babu z a ciki. Wani abu ne tsakanin ra da la, sai ka naɗe harshe baya kamar za ka haɗiye shi. Khala ta sa ni na yi ta gwadawa har Subaida ta riƙe ciki. Sunan Euis kuwa na daɗe ina ce mata Uwis. Khala ta ce in yi murmushi tukuna, sannan in ce "u" ba tare da na tsuke baki ba. Har yau ban tabbatar na iya ba.

Euis ba ta iya cewa Fatiha, sai "Patiha". Subaida na dariya, Khala na kare ta. "Ƙyale ta, 'yar uwarmu ce. Mu ma Hausawa bakinmu bai raba fa da pa ba."

In Euis na ba da labarin mijinta da Larabci kuma sai ta yi ta cewa "hiya, hiya", wato "ita", don a Sunda kalma ɗaya ce ga shi da ita. Nan Khala sai ta koma ɓangaren Subaida, ta ce su suna raba mace da namiji kamar mu.

Haka take. Yau tana nan, gobe tana can, ba ta bari ɗaya ta ji an fi ta.

Ni kaina na ci moriyar abin a wurin aiki. An taɓa kwantar mana da wata tsohuwa 'yar Umra, ba Larabci ba Turanci, tana ta cewa "cai, cai". Abokiyar aikina 'yar Kerala ce, a wurinsu "caya" shayi ne, ni ma abin da na ji ke nan. Muka kawo shayi, tsohuwa ta kawar da kai. Muka ƙara sukari, ta fara hawaye. Na kira Khala na kara mata wayar.

Ta ce, "Ruwa take so, baiwar Allah. Cai ruwa ne. Ku ba ta ruwa."

Daga ranar ta ɗora ni a kan kalmomin asibiti. Ciwo a Sunda "nyeri", a Malayalam "wedana". Takan kira ni haka kawai ta ce, "Faɗi in ji." In na faɗa daidai ta kashe wayar ba sallama.

Amal ta leƙo yanzu ta ce har yanzu ba a sa hannu a takardar ba. Bari in ci gaba.

Akwai abu ɗaya da ya tsaya wa Khala a rai, kuma ina wurin aka yi shi.

Mahaifiyar Euis ta zo Umra. Tsohuwa ce ƙarama, mai sanyin murya, ba ta taɓa fita ƙasarsu ba. Aka ɗauko ta daga Makka don ta wuni a gidan Khala. Subaida ta ce ita za ta yi girkin, kada wanda ya sa mata hannu. Tun safe take kan biryani irin na garinsu, ta soya albasa, ta yi miyar kwakwa, har 'yar kwalliya ta yi wa farantin.

Tana so ta burge tsohuwar da yarenta. Ta san kullum in Euis ta zuba wa magen layi ragowar kifi tana cewa wata kalma. Ta ɗauka ma'anarta "ci" ne kawai.

Ta durƙusa ta ajiye faranti, fuskarta cike da fara'a, ta ce, "Nyatu, Mama. Nyatu!"

Wannan ce kalmar can ƙasan. Ta dabbobi.

Tsohuwar ta riga ta miƙa hannu. Ta janye shi a hankali ta ɗora a cinya. Euis ta sunkuyar da kai, na ga kunnenta ya yi ja.

Khala ta yi maza ta matso, ta ce "tuang, tuang", ta yi ta bayani da 'yar Sundarta. Tsohuwa ta gyaɗa kai, ta ɗan taɓa abincin don kunya. Da a nan aka tsaya da ya wuce.

Amma da aka koma kicin aka gaya wa Subaida abin da ta faɗa, sai ta fashe da dariya. Ta ce wane irin yare ne wannan da aka cika shi da tarko, a ce mutum ya wuni a kan wuta sannan kalma ɗaya ta ɓata komai. Na san kunya ce ta sa ta dariyar. Euis ba haka ta ji ba.

Ta ce, "Uwata ce." Ta ɗauki jakarta.

Khala ta kama Subaida da faɗa bayan sun tafi. Ta ce, "Ke ma kuna da shi. Za ki ce wa surukarki 'tinnu'? Ai 'kazhikku' za ki ce. Naku guda biyu ne, nasu ya fi yawa, shi ke nan bambancin. Ki je ki ba ta haƙuri."

Subaida ta ce ita aka wulaƙanta, abincinta aka bari ya huce.

Suka ci gaba da aiki tare, amma sai gaisuwa da "miƙo" da "ungo". Kicin ya yi shiru irin wanda ban saba ji ba. Daga baya tsohuwar ta rasu a can, Euis ta yi fita ta ƙarshe ta koma gida. Ranar rakiya Subaida ta ce baƙala babu kowa, ba ta zo ba.

Khala ta ci gaba da waya da Euis. In ta ambaci Subaida sai Euis ta tambayi lafiyar Amal. In ta ambaci Euis a gaban Subaida sai Subaida ta tashi duba tukunya.

Juma'ar da ta wuce ce ganina da ita na ƙarshe.

Na same ta a kan kujerarta ta roba a ƙofar kicin, ta ɗora ƙafa a kan bokiti don ta kumbura, tana tsince shinkafa. Na duba ƙafar na ce mu je asibiti. Ta ce bayan walimar da ta karɓa. Na ce Khala. Ta ce Dije. Muka yi dariya, na auna ta, na ga ba laifi sosai, na ce to ranar Lahadi ba fashi. Ta je kuwa, aka ƙara mata magani.

Abin da ban zata ba shi ne na ga Subaida zaune a ƙasa kusa da ita, tana maimaita wata kalma kamar mai hadda.

"Ha-pun-ten."

"A hankali," in ji Khala. "Kada ki ja shi da gudu irin naku. Ba jirgi ba ne. Sauke murya."

Ta dube ni ta kashe min ido. "'Ki yi haƙuri' ke nan da Sunda, irin na girmamawa. Ta yarda za ta ba Euis haƙuri. Juma'a mai zuwa za ki zo ki haɗa mana bidiyo kol, ni ban iya danne-dannen nan ba. Ni zan zauna a tsakiya, in ta kakare in tura ta."

Subaida ta ce, "In ta kashe waya fa?"

"Sai mu sake kira."

Da zan tafi na ce, "To Khala, na tafi."

Ta ce, "Kul. Mutanen Subaida ba sa cewa sun tafi. Cewa suke 'poyittu waram', zan je in dawo. Faɗi in ji."

Na faɗa. Ta ce na kashe shi, amma ta karɓa. Ta cusa min dambun nama a jaka.

Yau Laraba.

Da na iso gidan ɗazu, mata sun cika falo, Subaida na kicin ita kaɗai ta zauna a ƙasa ta jingina da firji. Amal ta ja ni gefe. Ita a nan aka haife ta, Hausarta sai ta haɗa da Larabci.

"Anti, lazim a gaya wa Teh Euis. Ana ma agdar, ni ba zan iya ba. Ke ki kira."

Na yi ta juya wayar a hannu. Na fita tsakar bene na dawo. Na ce bari in sha ruwa tukuna. A ƙarshe na shiga kicin, don nan ne babu hayaniya, Amal ta biyo ni, na danna, na sa a sifika.

Ta ɗauka da murnarta, ina jin kaji da yara a bayanta.

"Dije! Kumaha kabarna?"

Gaisuwa ce kawai, ina labari. A wurinsu "kabar" labari ne. Ni kuwa kabari kunnena ya ji, kuma na ga Subaida ta ɗago a firgice, don su ma da wannan kalmar suke kiran kabari.

Na kalli wayar, na kalli Subaida.

"Dije? Halo? Khala fen? Ina Khala?"

Sai Subaida ta miƙo hannu ta karɓi wayar.

"Teh Euis. Ana Subaida."

Na ji kajin kamar sun yi nisa.

Subaida ta ce, "Innalillahi..." ta kasa ƙarasawa.

Daga can Euis ta ƙarasa mata. Sai wani irin kuka, siriri, mai tsawo.

Subaida ta riƙe wayar da hannu biyu. Ta ce, "Hapunten." Da gudu ta faɗe shi, yadda aka hana ta. Ta sake faɗa. Ta sake.

Euis ta fara magana da Sunda cikin kuka, doguwar magana, ba tsayawa. Na ji sunan Khala a ciki, na ji na Subaida, ban kama komai ba bayan wannan. Ni da Subaida da Amal muka juya a tare muka kalli ƙofar kicin.

Kujerar robar na nan, da bokitin a gabanta.

Ban san me Euis ta ce ba. Ban san ko yafiya ce, ko tsohon ciwon ne ta amayar, ko labarin Khala kawai take yi. Babu wanda zai gaya mana. Subaida ma sai ta ɓalle da nata yaren, tana yi tana dukan ƙirji, ita ma babu mai jin ta.

Da suka lafa, Euis ta dawo Larabcin kicin, wanda ya fara tsatsa a bakinta. Ta tambayi yaushe za a yi wanka. Amal ta ce ba mu sani ba tukuna.

Ta ce, "Subaida. Ni ba na nan. Ke ki shiga. Ki zuba mata ruwa, naki da nawa."

Subaida ta gyaɗa kai kamar ana ganinta.

Na baro su da wayar, na ɗauko wayata ta biyu. Har yanzu da nake rubutun nan ba su kashe wayar ba. Ba wata magana suke ba, jefi-jefi dai in ji ɗaya ta ce "Khala", ɗayar ta amsa.

Ga Amal nan ta ce an sa hannu, mota ta taso. Zan nemi mayafina.

Ya Allah, ga baiwarka Rabi ta zo maka. Ta ciyar da mu muna baƙi, ta saurari kowa da bakin da ya zo da shi. Ka gafarta mata, ka yalwata mata makwanci, ka tabbatar da harshenta a wurin tambaya, ka sa Aljanna ce gidanta. Ka ba Amal da 'yan uwanta haƙuri. Ka sanyaya zuciyar mata biyun nan.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce haka. Ko ba ka san ta ba, ka tsaya ka yi mata addu'a kafin ka sauka ƙasa. Wanda ke Jidda kuma ya sa ido, da an tsayar da lokacin sallah zan rubuta a ƙarƙashin nan.

Allah ya jiƙan Khala.